Rufin da Muka Ɗora a Kan Rufi

Aikina a asibiti shi ne kula da fayil ɗin marasa lafiya. Shekara da shekaru ina zaune a wani ɗaki marar taga ina bin takardu layi-layi, in likita ya manta bai sa hannu ba in mayar masa da abinsa, ko da ya yi jika da ni. A wurin aikinmu, abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba, ko da mutum goma sun gani da idonsu. Na fara da wannan ne don kada a ɗauka rashin sani ne ya ja mini abin da ya same mu a kan rufin gidanmu. Na san darajar takarda fiye da kowa a gidan. Kunya ce ta ɗaure mini baki, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mun sayi gidan a Hyattsville, garin da muke zaune a nan ƙasar Turawa, a shekarun da bankuna ke bin mutum da rance kamar masu tallan gyaɗa. Tsohon gida ne ɗan madaidaici mai bene ɗaya, amma bayan shekara bakwai muna haya muna jin takun maƙwabta a kanmu, ni a wurina fada ce. Maigidana injiniyan kwamfuta ne, yana aiki a ɗaya daga manyan ofisoshin gwamnati da ke unguwar Southwest a cikin birni, kullum ya ajiye mota a tasha ya hau jirgin ƙasa. Mutum ne mai haƙuri har abin ya yi yawa. Ni kuwa da ake rabon haƙuri ina jin na je ɗibar ruwa.

Banki ba ya ba ka rancen gida sai da inshora, don haka muka yi. Matar kamfanin ta yi ta jero mini tambayoyi ta waya. A ciki ta tambaya ko muna son a ƙara wani sashe da zai biya idan gyara ya zo da wani aiki da dokar gini ta wajabta. Na ce a'a tun ba ta rufe baki ba. Na ɗauka irin dabarar nan ce ta masu sayar da kaya, su sayar maka da tukunya su ce murfin daban ne. Wannan laifin nawa ne ni kaɗai, ba zan ɗora wa kowa ba.

Rufin gidajen nan ba kwano ba ne. Katako ake shimfiɗawa, a bi shi da wasu falle-falle na kwalta da yashi ana buga musu ƙusa, ɗaya a kan gefen ɗaya. Shingul suke ce musu. A shekararmu ta biyu muka ga tabon ruwa a silin ɗin ɗakin 'yarmu. Muka kira kamfani biyu, kowanne ya hau ya duba, suka sauko da magana iri ɗaya: rufin ya tsufa, kuma wanda ya sayar mana ya riga ya ɗora sabo a kan na asali, hawa biyu ke nan. Sai an yaye duka an sake. Ɗayan ya ce hawa biyu ne iyakar abin da doka ta yarda. Da suka faɗi kuɗin aikin, muka ga ya fi ƙarfinmu.

Ranar Juma'a maigida ya kai wa Baba kuka a masallaci.

Baba ba mahaifin ɗayanmu ba ne. Mutumin Zariya ne, abokin marigayi surukina, kuma shi ya tarye mu a filin jirgi ranar da muka shigo ƙasar nan da akwatuna huɗu da jaririya. Wata uku muka yi a falonsa bai taɓa nuna mana a fuska ba. Shi ya koya wa maigida tuƙi a kan ƙanƙara, shi ya nuna mini shagon da zan sami daddawa da kuka. Tasi yake ja, amma ɗan gidan magina ne, kakanninsa suna cikin masu ginin soraye, kuma a ƙarshen mako rabin Hausawan yankin nan shi suke kira in wani abu ya lalace.

Ya zo da tsaninsa, ya hau, ya tattaka ko'ina, ya sauko yana dariya.

“Wane irin a yaye?” in ji shi. “Rufi lafiyayye a ce a zubar? Kai, mutanen nan akwai almubazzaranci. Mu a gida kowace shekara kafin damina sai an hau soro an ƙara laso. Ka taɓa jin wanda ya kankare yaɓen kakansa kafin ya yi nasa? A kai ake ɗorawa. Shi ya sa soro ke shekara ɗari.”

Maigida ya ce, “Baba, wai sun ce doka hawa biyu ta yarda.”

“Ɗan kasuwa ne ya gaya maka. In bai ce haka ba me zai ci? Ku sayi kaya kawai, in tara yara, ranar Asabar mu gama.”

Ina tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Zuciyata ta ce mini in yi magana, na kalli furfurarsa na haɗiye. Kuma in faɗi gaskiya, maganar ta yi mini daɗi. Ni ma a gidan soro na girma, ni ma a raina bargo uku ya fi biyu ɗumi.

Ranar Asabar aka yi gayya. Yaran da Baba ya ce zai tara har da likitan ƙashi, da malamin jami'a, da direbobin tasi uku, da wani ɗan Filato ma'aikacin jinya wanda ya fi kowa iya hawa tsani. Na tashi na soya waina, na yi miyar taushe, na haɗa zoɓo a babbar roba. Ana buga guduma ana zolayar likita wai hannunsa ya saba da allura, ya yi ta bugun iska. Wata tsohuwa Baturiya maƙwabciyarmu ta fito ta tsaya tana kallo, na kai mata waina uku, ta tambaye ni ko biki muke yi. Ba zan yi ƙarya ba, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin ina gida ba irin ranar. Kafin la'asar gidan ya yi sabon rufi baƙi sumul.

Da za a watse, maigida ya bi Baba mota ya zura masa ambulan a aljihu. Baba ya fitar ya mayar masa. Ya sake zurawa, ya sake mayarwa. A na uku maigida ya ce, “Baba, na goro ne,” sannan ya bari. Ina kallonsu ta tagar kicin. Da maigida ya shigo na ja shi gefe.

“Ka ce ya ɗan rubuta mana takarda mana. Ko layi biyu, abin da aka yi da ranar da aka yi.”

Ya kalle ni kamar na zagi wani. “Ke! Baba zan ce ya rubuta mini rasit? Da wane bakin?”

“To rasit ɗin kayan fa?”

“Shi ya sayo a wurin wani saninsa, an yi masa ragi. In tambaye shi rasit, ai cewa na yi ban yarda da shi ba.”

Ni da ke mayar wa manyan likitoci takarda, na kasa fita ƙofar gidana in ce wa dattijo ɗaya ya sa hannu. Na koma na ci gaba da wanke tukunya.

Shekara shida ko ɗigo ba mu gani ba. Har gori na riƙa yi wa ƙawayena da suka biya kamfani, ina cewa araha ba ta ado amma tamu ta yi.

Sai wata guguwa ta zo da la'asar a tsakiyar bazara. Ina ɗakina marar taga a asibiti, ban san me ake ciki ba sai da fitilu suka ɗan lumshe. Da na shigo layinmu da yamma na ga rassan bishiya a titi, na ga gidajen maƙwabta kowanne ya rasa falle biyu ko uku. Namu kuwa kamar an fige kaza. Rabin rufin gaba yana kwance a farfajiyar tsohuwar nan, wasu fallayen a kan motoci. Ruwa ya bi ta tsofaffin hawa biyun da suka riga suka ruɓe, ya jiƙa silin ɗin ɗakin 'yarmu har ya rufto a kan gadonta. Allah ya sa tana wurin ƙawarta. Washegari muka sa aka lulluɓe rufin da shuɗin tamfol.

Na kira kamfanin inshora da ƙarfin gwiwata. Shekara takwas muna biya ko wata ɗaya ba mu tsallake ba, ai ranar wanka ce ta zo. Bayan mako biyu suka aiko mai duba ɓarna, wani mutum mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da in na gani a ofis nake shan jinin jikina. Ya yaba furannina, ya hau tsani, ya ɗaga gefen rufin. Daga ƙasa ina ganin yatsansa yana ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku. Sai ya kama wata ƙusa da yatsu biyu ya zare ta kamar mai zare tsinke daga tsire.

Ya sauko ya ɗora mini ita a tafin hannu. Ya ce ƙusar daidai take da rufi hawa ɗaya, amma a nan sai ta ratsa hawa uku kafin ta kai katako, kuma ba ta kai ba. Wato shekara shida rufinmu a kan tsohon rufi yake maƙale, ba a jikin gidan ba. Ya ɗauki hotuna. Ya tambaya wa ya yi aikin.

Maigida ya ce, “Wani ɗan'uwa ne.”

Ya tambaya ko ɗan'uwan yana da lasisin aikin gyaran gida. Ya tambaya ko akwai wata takarda, kwangila ko rasit. Na juya na kalli maigida, ya kalli furanni. Mutumin ya rubuta wani abu, ya yi mana fatan alheri ya tafi.

Wasiƙar da ta biyo baya shafi biyar ce, kuma ni da karanta irin wannan ne abincina, sai da na bi ta sau uku. Rufin ba za su biya ba, domin a cewarsu iska ta ƙarasa abin da mugun aiki ya fara ne, kuma mugun aiki ba ya cikin abin da suka ɗauki nauyi. Kuɗin yaye tsofaffin hawa biyun ma ba ruwansu, tunda wannan buƙatar doka ce ba ɓarnar iska ba, kuma sashen da ke biyan irin wannan ni da bakina na ce ba na so. Har ranar da na ƙi suka rubuta mini. Abin da ya rage shi ne cikin gida: silin, bango, kafet, gadon yarinya. Wannan sun ce za su duba, amma sai mun cike wata takarda mun faɗi sunan wanda ya yi aikin da adireshinsa, da ko an biya shi, saboda in sun biya mu suna da ikon su bi shi ya biya su.

Ban gama haɗiye wannan ba wata wasiƙar ta iso. Idan ba mu kawo shaidar sabon rufi daga hannun mai lasisi ba kafin wa'adin inshorarmu ya cika, ba za su sabunta ba. Na kira masu gyara uku ko wani zai yi mana faci mu lallaɓa. Duk wanda ya ji hawa uku sai ya ce ba zai sa lasisinsa a haɗari ba, ko a yaye duka ko in nemi wani.

Watan nan na san waƙar jiran wayar kamfanin kamar karatun allo. Lokacin cin abincin rana nake kira, in zauna a mota da waya a kunne, a miƙa ni daga wannan zuwa wancan, kowa ya ce ya fahimci damuwata. Na ce musu iska ce ta ɗauke rufin, ba aljani ba. Na ce shekara shida kuna karɓar kuɗina a kan wannan rufin, me ya hana ku zo ku ƙirga hawansa a lokacin? Sai da ranar biya ta zo kuka iya ƙirga? Wata mata ta ce mini alhakin mai gida ne ya tabbata gidansa ya bi doka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa.

A gida kuwa ɗakin sama ya fara wari, bangon ya yi baƙi-baƙi. 'Yarmu tana da asma, muka mayar da ita falo tana kwana a kan kujera, littattafanta a cikin kwali. Duk sanda aka yi hadari sai in ji tamfol yana kaɗawa a kanmu, in rasa inda zan sa raina.

Wata ƙawata ta haɗa ni da ɗan'uwan mijinta, lauya ne a Gaithersburg, Bakano. Na ɗauki rabin yini a wurin aiki na je. Ya karanta takardun, ya cire tabarau.

“Hajiya, an biya shi?”

“Ba a biya shi ba. Goro aka ba shi.”

“Goron a ƙwarya yake ko a ambulan?”

Na ce a ambulan.

“To a nan ba su san goro ba. Kuɗi ya fita daga hannu ya shiga hannu, aiki ya gudana, shi ke nan. Kuma a jihar nan yin aikin gyaran gida da karɓar kuɗi ba lasisi laifi ne, ba wasa ba. In sunansa ya shiga fayil ɗin kamfani, ba ni da tabbacin inda zai tsaya. Takardunsa na zama lafiya lau suke?”

Na ce yana da katin zama, kuma a shekarar ya shigar da neman zama ɗan ƙasa, kullum yana haddar tambayoyin jarrabawa a tasi. Lauyan ya girgiza kai, ya ce wannan ba lokacin da mutum zai so sunansa ya fito a wata ƙara ba ne. Na tambaya in muka ce maigida ne ya yi aikin da kansa fa? Ya ce ƙarya a takardar inshora ta fi rufi hawa uku hatsari, kuma layinmu duka sun ga gayya. Na fito ofishinsa gaba kura baya siyaki.

Ranar ni da maigida muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce a rubuta sunan. Na ce ba mu muka yi doka ba, kuma wataƙila ba abin da zai same shi, kamfani ba zai ɓata lokacinsa a kan direban tasi ba. Maigida ya ce, “Wataƙila kika ce.” Na ce 'yarka na kwana a kujera tana tari, kai kana tausayin wani. Ya ce, “Mutumin da ya ba mu falonsa wata uku ne wani?” Na ce da ka karɓi takarda ranar da na ce. Ya ce takardar da kike so ai ita ce za ta rataye Baba yanzu. Gaskiyar maganarsa ta ƙara tunzura ni. Takardar ta zauna a kan teburin cin abinci kwana tara, gurbin sunan fari fat, muna cin abinci muna kewaye ta.

Ashe duk wannan Baba bai san komai ba. Maigida ya ce masa kawai iska ta yi mana ɓarna. Ranar Asabar da hantsi na ji ƙarar mota, na leƙa, sai ga shi da tsani ɗaure a saman tasi da ɗaurin shingul huɗu a but ɗin motar. Ya shigo da fara'arsa, muka gaisa, na durƙusa kamar kullum, na kawo masa ruwa.

“Ɗiyata, kada ki damu,” in ji shi. “Na ga tamfol ɗin. Abu kaɗan ne. Na riga na gaya wa yara, mako mai zuwa mu ɗora wani a kai, ya fi na da ƙarfi.”

Mu ɗora wani. Hawa huɗu. Ban san sanda na miƙe ba.

“Baba, don girman Allah a bar mu haka! Ɗorawar nan ita ta kashe mu. Nan ba Zariya ba ce, wannan kuma ba soro ba ne. Ƙusar da aka buga ko katako ba ta taɓa ba. An zo an yi mana aikin da ba a iya ba, kamfani ya ƙi biya, yarinya na kwana a falo, yanzu kuma a ce a ƙara?”

Maigida ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba a gaban mutum. Amma magana zarar bunu ce. Na ma wuce kicin na ɗauko ƙusar da na ajiye a cikin kofi, na dire ta a gaban dattijon tare da wasiƙar.

Baba ya ɗauki ƙusar ya auna ta da gaɓar yatsansa. Ya daɗe yana kallonta. Shi magini ne, ba sai an yi masa bayani ba. Sannan ya ce wa maigida, “Karanta mini, kada ka tsallake komai.” Maigida ya karanta yana fassarawa, muryarsa can ƙasa. Da ya kai wurin suna da adireshi, Baba ya ce ya sake. Ya sake.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da walat, ya zaro lasisinsa na tuƙi, ya ajiye a kan takardar, ya tura gabana.

“Ga sunan nan yadda suke rubuta shi. Rubuta. Ki ce an ba ni kuɗi na karɓa. Ni na yi ɓarna, kada yarinya ta kwana a kujera saboda ni.”

Maigida ya ce, “Baba, maganar takardunka...”

“Allah na nan,” in ji shi.

Biro yana kusa da hannuna. Kwana tara ina cewa a rubuta, ga shi an ba ni izini da baki da kati. Na kalli hoton da ke jikin katin, ya sa hularsa ya ɗan karkata ta, yana ƙoƙarin kada ya yi murmushi. Na tura masa katinsa, na ce a yi haƙuri, na shige ɗaki na yi kuka. Rabin kukan nan na haushi ne, don ko a lokacin ban huce ba. Ina jin haushinsa, ina jin haushin maigida, da kamfani, da dokar da ba ta san gayya ba, na fi jin haushin kaina. Da na fito ya tafi, ruwan da na kawo masa ko kurɓa bai yi ba.

Ranar Litinin na kira kamfanin na ce mun janye neman kuɗin gyaran cikin gida. Matar ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata, ta ce wannan ne ɓangaren da muke da dama a kansa. Na ce na tabbata. Ta tambayi dalili don ta rubuta a fayil, na ce ta rubuta dalili na iyali.

Tafiyar da muka shirya zuwa gida a shekarar ita ta zama rufi. Kamfani mai lasisi ya zo da mutum shida da wani ƙaton kwandon shara na ƙarfe, cikin yini ɗaya suka yaye hawa ukun suka zubar, suka canja katakon da ya ruɓe, suka buga sabo. Ba wanda ya ci waina, ba wanda ya zolayi wani. Suka ba ni takardu har da hotuna, na aika wa kamfanin inshora, suka sabunta mana tare da ƙarin kuɗin wata. Wannan karon na ce a sa mini sashen dokar gini, a sa duk abin da ake sawa. Silin da bango kuwa sai da muka yi wata huɗu muna lallaɓawa kafin yarinya ta koma ɗakinta.

Baba ya ci jarrabawarsa, ya zama ɗan ƙasa, muka je walimar. Ya amsa gaisuwata da sakin fuska, ya sa mini albarka. Amma ya daina biyowa gidanmu ranar Asabar. Na ji daga bakin matan masallaci cewa yanzu duk wanda ya kira shi gyara sai ya ce bayansa na ciwo. Na aika maigida ya ba shi haƙuri a madadina, ya ce ba komai, ai gaskiya na faɗa. Wannan ba komai ɗin ya fi zagi zafi.

Sai da babbar salla ya zo, shi ma don maigida ya je har gida ya ɗauko shi. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka irin yadda yake so, ya ci kaɗan. Na rasa ta inda zan ɓullo, don baki ba ya iya gyara irin abin da na ɓata. Hannun ƙofar kicin ɗinmu ya kwana biyu yana lilo, na hana maigida ya taɓa shi. Da Baba ya wanke hannu, na ɗauko sukudireba na zo na durƙusa a gabansa.

“Baba, ko za a ɗan duba mana hannun ƙofar nan? Ya ƙi zama.”

Ya kalli ƙofar daga inda yake zaune. Na ga ya gane abin da ke damunta, na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwarsa. Sai ya haɗa hannayensa wuri ɗaya.

“A'a, ɗiyata,” ya ce a hankali. “Ku kira masu takarda. Kada in sake ja muku.”

Na daɗe a durƙushe da sukudireban a hannuna, shi kuma ya juya yana tambayar maigida ƙarfe nawa ake la'asar yanzu.